Wadda Ta Kira Babanki a Masar

Ummi, kin fara girma, kin fara raɓewa a gefen tabarma idan goggonninki suna hira, saboda haka na san labarin nan ya riga ya shiga kunnenki. Babu taron da za a yi a gidan kakanki na Tudun Wada, suna ne ko biki, da Goggo Larai ba za ta tada shi ba. Sai an ci tuwo an miƙe ƙafa, ta nuno ni da baki ta ce ga wadda ta tsaya a tsakiyar birnin Masar ta ƙwala wa mijinta kira da gundarin sunansa, uwarsa na gefe. A yi ta dariya, ni ma in taya su. Yanzu Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, wadda na yi shirun dominta ba ta nan. Ni kuwa ba ni da haƙurin jiran tsufa kafin in gyara magana. Ga yadda aka yi.

Inna, kakarki da kika ci sunanta, Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Doguwa, aure ne ya kawo ta cikin gari. Babanki shi ne ɗan farinta, kuma kunyar ɗan fari irin tata ban taɓa gani ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, idan ya shigo gaishe ta sai ta juya ta kama tsince shinkafa tana amsawa a gefen baki. In dole ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", ko "yayan su Bello". Da ya tafi karatu Alƙahira sai ya koma "na can". Idan ya bugo waya ba ta karɓa, miƙa wa na kusa take yi ta ce a tambaye shi ko yana samun abinci. Ni 'yar Kiru ce, na gama sakandare, ina ji da kaina, abin sai ya riƙa ba ni haushi. Wata rana na kasa daurewa.

"Inna, ɗanki ne fa. Ke kika haife shi."

"Je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri."

Babu wani ƙauri. Ni kaina a gaban mutane Malam nake ce masa, amma ina cika baki a wajen ƙawayena cewa dama ce kawai ban samu ba, ni wannan kunyar ta mutanen da ba ta dame ni ba.

Yanar ido ce ta rufe wa Inna idanu biyu, har ta kai inuwar mutum kawai take gani, ga ciwon suga. Babanki ya nemo likita a can ya ce a kawo ta. Aka duba gidan, ni ce mai ɗan Turanci, ni ce kuma ba ni da goyo, sai aka ce in raka ta. A lokacin ban daɗe da tarewa ba ya koma karatu, zaman da muka yi tare bai kai damina guda ba. Muka bi mota ta Kwanar Dangora zuwa Kano, aka sa mu a jirgi. Inna ba ta taɓa abincin jirgin ba, ta ce ba ta san wanda ya yi yankan ba. Dabino kaɗan ta ci ta kora da ruwa.

Da hantsi muka sauka. Na san filin jirgin Kano, na ɗauka duk filin jirgi haka yake. Wannan gari ne guda aka yi wa rufi. Muka bi wata matattakala mai tafiya da kanta, Inna ta damƙe min hannu tana salati, ta ce ƙasa tana gudu da ita. Aka buga mana fasfo, muka ɗauki akwatinmu, muka fito inda mutane ke tsaye bayan ƙarfe suna ɗaga takardu da sunaye. Na bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Babu babanki. Na ciro waya, babu sabis, layina na gida ya mutu murus. Na zaunar da Inna a kan akwati, na je na dawo, na sake zuwa na dawo. Waɗanda muka zo jirgi ɗaya da su duk aka kwashe su. Daga baya ne na san filin yana da gine-gine daban-daban na fita, shi yana can wani ginin yana ta baza ido. A ranar ban san da haka ba, kuma babu wanda ya faɗa min.

Rana ta yi tsaka. Leɓen Inna ya bushe, hannunta ya fara ɗan rawa, irin wadda na san ma'anarta. Abin da ke raina ɗaya ne: in kai tsohuwar nan inda za ta ci abinci mai zafi ta kwanta, kafin ta faɗi a hannuna a ƙasar da ban san kowa ba.

"Inna, tashi mu tafi."

"Ina?"

"Unguwarsu. Na san sunanta, kullum yana faɗa a waya."

"Ai cewa ya yi mu jira."

"Tun yaushe muke jira? In mun je unguwar ai shi ke nan, tambaya ce."

Kada ki yi min kallon wawiya. A Kiru idan baƙo ya sauka a tasha, abin da yake buƙata sunan mai gida kawai. Ya faɗa wa ɗan acaɓa, a kai shi har zaure, a hanya ma a ba shi labarin wanda ya rasu a gidan da wanda ya sayar da gona. A Tudun Wada haka ne, a Bebeji haka ne. Ban taɓa zuwa inda ba haka ba ne. Ina da sunan unguwa, ina da sunan mutum, me ya rage? Har yau ban ce na yi laifi ba. Da abin da na sani na yi aiki.

Muka shiga tasi da ɗan kuɗin ƙasar da aka ba mu tun a Kano. Na faɗa wa direban sunan unguwar, Hayyul Ashir, ya gyaɗa kai. Sai na ce bari in gwada Larabcin Islamiyya, na haɗa masa jimla mai kyau da wasullanta, irin wadda malaminmu zai yaba. Mutumin ya kalle ni ta madubi, ya ɗaga hannu biyu daga sitiyari ya ce sadaƙallahul azim, ya fashe da dariya. Ya mayar min da nasa Larabcin, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Na koma kallon taga. Titi a kan titi, gada a kan gada, motoci suna gogar juna kowa hannunsa a kan oda. Gidaje dogaye launin yashi, duk iri ɗaya, kamar an zuba su daga mudu guda, kowace taga da shanya. Na ga mutum a kan keke ɗauke da faffaɗan katako na gurasa a kansa, yana ratsa motoci ba ya ko riƙewa. Inna ta tambaye ni me ake yi a garin, ko biki ne. Na ce ina jin haka suke kullum.

Direban ya tsaya ya ce nan ne, yana juya hannu alamar ina kuma. Na ce nan ya isa. Ya sauke mana akwati ya wuce.

Ummi, abin da suke kira unguwa ya fi Kiru da Bebeji a haɗe. Na tsaya da akwati a hannu ɗaya, Inna a ɗayan, na rasa gabas. Babu zaure, babu dakali, babu dattijon da ke zaune a ƙofar gida da za a durƙusa a gaishe shi a yi tambaya. Ƙofofin ƙarfe ne a rufe, mutane suna zaune a saman juna. Wata mata ta zuro kwando da igiya daga bene, mai kanti ya sa mata kaya ta janye, ko sauka ba ta yi ba. Wani yana tafe yana buga tukunyar gas da ƙarfe, na ɗauka shelar gobara ce. Na tari wani dattijo na yi masa sallama, ya amsa da kyau. Na ce ɗalibi, Nijeriya, dogo, baƙi. Ya buɗe hannu ya nuna min titin gaba ɗaya. Sai na duba da kyau. Ashe baƙar fata sun cika wurin, dogaye da gajeru, da jallabiya da littafi a hammata. Raina ya yi fari, na tari na farko na ce sannu. Ya kalle ni ya wuce. Na biyu ya amsa min da Faransanci. Na uku ya yi wani yare da ban taɓa ji ba.

Muka shiga wannan layi muka fita wancan. Wani mai shago ya nuna mana dama, na gaba da shi ya nuna hagu, kowa da fara'arsa, kowa da tabbacinsa. Na sa alama da wani mai keken lemo don kada mu ɓata, da muka zagayo sai na gan shi a wata kwanar, na rasa shi ne ya matsa ko mu ne. Tayar akwatin ta cire. Inna tana jan ƙafa, da ma ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Can ta tsaya cak.

"Zulai."

"Na'am, Inna."

"Ina jin ƙamshin turaren wuta."

"Inna, yanzu ta turare muke?"

"Irin namu ne. Bi shi."

Na bi, don ba ni da wani abin bi. A gindin wani bene muka samu wata mata mai jiki, ta naɗe da laffaya, ta baza kwalabe da ƙullin itacen turare a kan tebur. Ta dube mu, ta dubi zanen Inna da akwatin da ba taya.

"Bayin Allah, daga ina?"

Wallahi da Hausa ta yi maganar. Hausarta wata iri ce, mai nauyi, ta tsofaffi. Sunanta Hajiya Sakina, 'yar Sudan ce, ta ce kakanninta Hausawa ne da suka tafi hajji a ƙasa suka zauna a hanya. Ba ta tsaya jin labari ba, ta ga hannun Inna. Ta zaunar da ita a kan kujerarta, ta haɗa shayi da sukari, ta ɓalle gurasa ta tsoma a wake mai zafi ta tura mata. Inna ta ci, wake ba ya buƙatar yanka. Sannan Hajiya Sakina ta juya wajenta.

"Uwata, wa kuka zo wa?"

"Wani yaro ne."

"Sunansa?"

Inna ta juya fuska wajen bango. Hajiya Sakina ta dube ta, sai ta yi murmushi ta dafa ƙirji.

"Na fari ne ke nan. Kakata ma haka take, har ta mutu. Ke 'yar nan, zo ki faɗa min a kunne."

Na ja ta gefe na raɗa mata. Ta ce masu wannan suna a unguwar nan ta san sun fi a ƙirga, na Kano, na Nijar, na Chadi. Na ce ɗan Tudun Wada. Ta ce wace Tudun Wadar, kowane gari da tasa. Lambarsa tana cikin wayata, wayar kuwa caji ya ƙare tun muna yawo, ni kuma ban taɓa haddace ta ba, don me zan haddace abin da ke ajiye? Ta ce kada mu ƙara taka ko'ina. Ta nuna wani babban masallaci a tsallaken titi, ta ce ɗaliban ƙasarmu a nan suke La'asar, mu zauna mu zuba ido.

Aka kira salla. Tun da muka sauka, wannan ne abu na farko na garin da na ji na gane daga farkonsa har ƙarshe. Muka yi alwala da ruwan butarta muka yi tamu a bayan tebur. Sannan na dawo bakin titi na tsaya. Titin nan faɗinsa ya kai fagen idi, motoci ba sa tsayawa, mutanen garin ratsawa suke yi a tsakaninsu kamar masu shiga kogi.

Aka idar, jama'a suka ɓarko. Nan na gane wata masifar. Ban san me nake nema ba. Mutumin da na sani mai kaftani ne da hula zanna, fuska a aske. Waɗannan duk jallabiya ce, duk gemu ne, duk tsayi ɗaya daga nesa. Wannan ne? A'a. Wancan? Tafiyar ba tasa ba ce. Mijina ne, amma na fi sanin muryarsa a waya fiye da bayansa a cikin taro. Idona ya cika da ruwa, fuskokin suka haɗe. Sai na ji Inna a kafaɗata, ta taso da lalube.

"Yana nan."

"Ina? Inna, me kike gani?"

"Ba gani ba ne. Gyaran murya ya yi. Irin na ubansa, sau biyu a jere. Ta wajen da motoci ke tsayawa."

Cikin wannan oda da hayaniya, ban san yadda aka yi ta ji ba, kuma kada ki tambaye ni. Na duba inda ta ce. Ƙananan motocin haya farare suna lodi, ga wani dogo da waya a kunne, ya sa ƙafa ɗaya a ciki. Ya ɗan juyo, na ga gefen fuskarsa. Shi ne. Filin jirgi zai koma neman mu, tun safe yake zarya.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam! Malam!" Wurin duk malamai ne, babu wanda ya waiga. Na sa ƙafa a titi, wata mota ta kusa kwashe ni, Hajiya Sakina ta fizgo mayafina.

"Kira sunansa, 'yar nan! Motar ta cika!"

Na buɗe baki. Ni Zulai, mai cika bakin nan. Sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Uwarsa tana manne da kafaɗata, ina jin numfashinta. Na sake buɗewa, iska ce ta fito. Yaron motar ya kama ƙofa zai ja.

Inna ta saki hannuna. Ta miƙe tsaye sosai, ban taɓa sanin tsayinta ya kai haka ba. Ta sa tafin hannu a gefen baki yadda ake kiran shanu daga tsallaken fadama, ta ja shi da wata murya siririya mai nisa da ban san tana da ita ba.

"Yaakubuuu!"

Kiran ya ratsa titin nan ya wuce ta saman motoci. Masu shan shayi suka waigo. Babanki ya daskare, ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa. Ya sauko a hankali yana dube-dube, sai ya hango mu. Yadda ya tsallako ban sani ba, na dai ji ana ta taka burki ana zaginsa da Larabci.

Kafin ya iso Inna ta koma kan kujera, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango. Ya durƙusa a gabanta yana haki, takalminsa ɗaya ya faɗi a titi.

"Inna, sannu da hanya. Sannu. Tun safe nake... Wa ya kira ni?"

Hajiya Sakina ta kama gyara kwalabenta. Inna ta laluba ta samu yatsana, ta matse shi har sai da na ji zafi.

"Wa zai kira ka in ba matarka ba? 'Yan boko, ba kunya ba ta ido."

Ya dube ni. Na dubi ƙasa. Na ce, "To da me zan yi, in bar ka ka tafi?"

Shi ke nan. Aka yi wa Inna aiki, idonta ya buɗe, muka dawo gida. Ita da kanta ta ba su Goggo Larai labarin, da ƙari da gishiri, har tana kwaikwayon yadda wai na buɗe baki. Aka sa min suna Mai Kiran Masar. Wata tsohuwa a gidan ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Da labarin ya isa Kiru, uwata ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce na zubar mata da mutunci a gidan surukai. Na sha, ban ce komai ba, kuma kin san ni da shiru ba ma shiri. Amma tun daga ranar, duk fura da Inna ta dama, kofin farko nawa ne. Duk wadda ta taɓa ni a gidan, ban da wannan tsokanar, da Inna take yi. Ba mu taɓa tada maganar ba, ni da ita, ko sau ɗaya.

Bayan an yi sadakar bakwai ɗinta, muna zaune da babanki da la'asar a tsakar gida, yana gyara igiyar guga. Na ce masa akwai abin da zan faɗa masa game da ranar nan ta Masar. Bai ɗago ba.

"Na sani."

"Ka san me?"

"Zulai, muryarki kullum ina jin ta, har ta yi min yawa. Waccan tun da aka haife ni nake jiran ta."

Ya ci gaba da ƙulla igiyar, ƙullin yana kwancewa yana sakewa. Na tashi na ba shi wuri.

To kin ji. Idan Goggo Larai ta sake tada labarin, ki yi dariyarki, kada ki yi mata musu a gaban mutane, babba ce. Amma ke ki san wadda ta yi kiran. Sau ɗaya ta yi shi a duniya, kuma ya ji.